Ako, masarautar gishiri da fushin mutum ɗaya ya rushe

Ina Ako take?

A da ƙaramar masarauta ce a bakin teku, a lardin Hyogo na Japan ta yau. A zamanin gidan Tokugawa akwai irinta sama da 250, kowacce da sarkinta da ake kira daimyo, dukansu kuma a ƙarƙashin shogun, shugaban mulkin soja mai zama a Edo, wato Tokyo.

Me ya sa ake ce mata ƙarama?

Da shinkafa ake auna masarauta a lokacin. Ma'aunin shi ne koku, kusan lita 180, abincin mutum ɗaya na shekara. Ako tana da koku 53,000, Kaga kuwa ta haura miliyan ɗaya.

To da me take rayuwa?

Da gishiri. Asano Naganao ya karɓi ƙasar a 1645, ya kammala fadarsa a 1661, ya kuma faɗaɗa filayen gishiri. Ana shigo da ruwan teku kan yashi, rana ta busar da shi, a tattara yashin a tace, sannan a dafa ruwan har gishiri ya fito. Sunan gishirin Ako ya kai har Edo.

Me ya rushe ta?

A 1701 jikansa, Asano Naganori, ya zaro takobi a cikin fadar shogun ya sari Kira Yoshinaka, jami'in tsare-tsaren fada. Kira bai mutu ba. Shogun Tsunayoshi ya umarci Asano ya kashe kansa a ranar, aka kuma ƙwace masarautar. Samurai, wato mayaƙan Asano, suka wayi gari ba ubangida, ba albashi.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne talakawa. Masarautar tana da nata kuɗin takarda, kuma rushewarta na iya mai da su shara a hannun 'yan kasuwa da masu dafa gishiri. Babban wakilin sarki, Oishi Kuranosuke, ya tsaya aka fanshe su a kan kashi 60 cikin ɗari kafin ya miƙa fadar.

Ramuwar gayya fa?

A farkon 1703 Oishi ya jagoranci tsoffin samurai na Asano, su 47 har da shi, suka afka gidan Kira a Edo suka kashe shi. Aka yanke wa 46 hukuncin kashe kansu, kaburburansu suna haikalin Sengakuji.

Daga nan Ako ta ƙare?

A'a. Daga 1706 gidan Mori ne ya riƙe ta da koku 20,000 kacal, har 1871 da sabuwar gwamnatin Sarki Meiji ta soke masarautun baki ɗaya.