Ma'anar Jarin Juyawa a Ilimin Kasuwanci

Jarin juyawa shi ne ɓangaren dukiyar kasuwanci da ba ya zama wuri ɗaya: yau kuɗi ne, gobe ya zama haja a sito, jibi ya zama bashi a hannun abokin ciniki, daga nan ya dawo kuɗi a sake saro kaya da shi. Duk wanda ya karanta akanta ko harkar banki ko gudanar da kasuwanci, a Jami'ar Bayero ta Kano ne ko a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, haka ma mai shirin jarrabawar ƙwararrun akantoci ta ICAN, sai ya haɗu da wannan batu, domin yana cikin ginshiƙan darasin sarrafa kuɗin kamfani. Tun a 1776 masanin tattalin arziki Adam Smith ya raba jari gida biyu. Akwai wanda ke kawo riba yana zaune a hannun mai shi, kamar inji da gini, akwai kuma wanda ba ya kawo riba sai ya bar hannun mai shi ya dawo a wata siffa. Na biyun nan shi ne abin da muke magana a kai. Shagon ɗan kasuwa da motarsa ta ɗaukar kaya da janaretonsa jari ne zaunanne, amma buhunan da ke cikin shagon da kuɗin da yake bin mutane jarin juyawa ne.

A lissafin akanta, ana tara duk kadarorin da ake sa ran za su zama kuɗi cikin shekara guda, wato tsabar kuɗi da abin da ke asusun banki da haja da basukan da ake bin masu saye. Sannan a cire duk basukan da za a biya cikin shekarar, kamar kuɗin masu ba da kaya, da rancen banki na ɗan gajeren lokaci, da albashi da haya da harajin da suka hau amma ba a biya ba tukuna. Abin da ya saura shi ne jarin juyawa na haƙiƙa.

Mu ɗauki misalin wani babban ɗan sari mai sayar da kayan masarufi a kasuwar Singa da ke Kano. A ce yana da haja ta naira miliyan 20 a sito, yana bin ƙananan masu shaguna miliyan 13, kuma akwai miliyan 3 a asusunsa, jimla miliyan 36. Kamfanin da ke ba shi kaya yana bin sa miliyan 10, banki yana bin sa miliyan 12 da zai biya cikin 'yan watanni, sannan akwai haya da kuɗin yaran shago na miliyan 2, jimla miliyan 24. Jarin juyawarsa miliyan 12 ke nan. Idan aka raba 36 da 24 za a sami 1.5, ma'ana kowace naira ɗaya da ake bin sa yana da naira ɗaya da rabi da zai iya fuskantar ta da ita. Wannan awo ne ma'aikatan banki suka fi dubawa da farko, kuma tsofaffin littattafan koyarwa sun daɗe suna cewa 2 ne mizanin lafiya.

A ganina dogaro da wannan awo kaɗai yaudarar kai ce, domin alƙaluman ba sa faɗin ingancin abin da aka ƙirga. Hajar miliyan 20 tana iya kasancewa rabinta ta yi kwantai, ko wa'adin lalacewarta ya matso, ko kuwa atamfa ce da yayinta ya wuce a Kantin Kwari. Cikin bashin miliyan 13 ana iya samun na ɗan'uwa ko suruki wanda kowa ya san ba za a iya zuwa masa da zancen biya ba. A takarda duka kadara ne, amma ranar da kamfani ya ce sai an biya kafin a loda mota, babu ɗaya daga cikinsu da zai yi amfani. Shi ya sa masana suka fito da awo na biyu mai tsauri, inda ake cire haja gaba ɗaya a duba kuɗi da basukan da ake bi kawai. A misalinmu miliyan 16 ce za ta fuskanci miliyan 24, kuma nan take hoton ya canza.

Abin da ya fi waɗannan awo biyu bayyana gaskiyar kasuwanci shi ne ƙirga kwanaki, wato kwana nawa naira take yi daga ranar da ta fita hannun ɗan kasuwa zuwa ranar da ta dawo. Ana kiran wannan zagayen kuɗi, kuma lissafinsa ba wuya. A ce kayan ɗan sarinmu suna yin kwana 40 a sito kafin a saye su, masu shaguna kuma suna yin kwana 25 kafin su biya. Daga shigowar kaya zuwa shigowar kuɗi kwana 65 ke nan. Shi kuwa kamfani ya ɗaga masa ƙafa na kwana 20 ne kawai. Saura kwana 45 da ya riga ya biya amma shi ba a biya shi ba, kuma dole wani ya ɗauki nauyin wannan giɓi, ko aljihunsa ko banki. Idan kullum yana fitar da kayan da ya saro a kan naira 500,000, to kusan miliyan 22 da rabi ce take ɗaure a cikin wannan zagaye a kowane lokaci, ba ya iya taɓa ta muddin shagon yana buɗe.

Daga nan ne ake gane abin da ke ɗaure wa mutane da yawa kai, wato yadda kasuwanci zai karye alhali ciniki yana ƙaruwa kuma littafi yana nuna riba. Idan kasuwa ta buɗe wa mutumin nan cinikinsa ya ninka, kuɗin da ke ɗaure a zagayen ma sai ya ninka ya kai miliyan 45, kuma ribar 'yan watanni a kayan masarufi, inda abin da ake samu a kan kowane kwali kaɗan ne, ba za ta cike wannan ƙarin ba. Riba ana rubuta ta ne ranar da aka sayar, ko an biya ko ba a biya ba, amma yaran shago da mai haya da direban tirela kuɗi suke karɓa.

Makarantun kasuwanci suna yawan koyar da wannan darasi da labarin kamfanin W. T. Grant na Amurka, wanda ya mallaki manyan shaguna sama da 1,000. Kamfanin ya riƙa buɗe sababbin rassa, yana cika su da kaya, yana kuma ba masu saye bashi hannu sake ba tare da tantance wanda zai iya biya ba. Shekara da shekaru rahotonsa yana nuna riba kuma masu hannun jari suna karɓar rabonsu, alhali a mafi yawan shekaru goman da suka gabaci faɗuwarsa, kuɗin da ke fita a harkar yau da kullum ya fi wanda ke shigowa, ana cike giɓin da rancen bankuna. A watan Oktoba na 1975 ya shigar da takardar karyewa a kotu, a 1976 aka rufe shagunan duka.

A Najeriya akwai wani abin da ke cin jarin juyawa a ɓoye, shi ne hauhawar farashi, wadda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a watan Disamba na 2024, bayan cire tallafin man fetur da sakin darajar naira a 2023. A ce mutum ya saro buhu 100 a kan naira 60,000 kowane, ya sayar a kan 66,000, yana murna ya ci ribar 600,000. Da ya koma sari sai ya tarar buhu ya zama 70,000. Uwar kuɗi da riba duka, miliyan 6.6, buhu 94 za su saya masa. Idan kuwa ya riga ya kashe ribar a hidimar gida, buhu 85 zai ɗauko. Adadin nairorinsa bai ragu ba, amma shagon ya rame, kuma idan aka maimaita haka sau uku ko huɗu sai a ga kantar shagon ta zama fayau ba tare da an yi sata ko gobara ba. 'Yan kasuwar da ke ƙara farashin tsohon kaya da zarar sun ji na sabo ya tashi suna shan zagi, wani lokacin kuma zagin ya dace da su, sai dai tushen abin da suke yi lissafi ne na kuɗin mayar da haja.

Hanyoyin rage giɓin kwanakin nan uku ne, kuma kowace tana da nata haɗari. Ana iya rage kwanakin da kaya ke yi a sito, wanda shi ne abin da kamfanin Toyota na Japan ya shahara da shi, inda kayan haɗa mota ke isowa masana'anta daidai lokacin da za a yi amfani da su. Amma wannan tsari yana bukatar hanya mai kyau da mai kawo kaya mai cika alkawari, kuma wanda kwantenarsa za ta yi makonni a tashar jiragen ruwa ta Apapa da ke Legas kafin ta kama hanyar arewa ba zai iya kwaikwayonsa yadda yake ba. Ana iya matsa wa masu saye su biya da wuri, sai dai a kasuwar da amana da lamuni suke riƙe da ciniki, wanda ya hana bashi gaba ɗaya maƙwabcinsa ne zai kwashe masa abokan hulɗa. Bahaushe ya ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, don haka aikin shi ne sanin wa za a ba, nawa, zuwa yaushe, a kuma rubuta.

Hanya ta uku ita ce jinkirta biyan masu ba da kaya, kuma ita ce manyan kamfanoni suka fi so, domin rance ne da babu kuɗin ruwa a kansa. Akwai ma kamfanonin da ake biyan su kafin su ba da komai. Dillalan siminti sukan zuba kuɗi kafin a loda musu kaya, mai waya kuma yana sayen kati kafin ya yi kira. Irin waɗannan jarin juyawarsu yana iya zama ƙasa da sifiri ba tare da wata matsala ba, saboda da kuɗin abokan hulɗa suke juyawa. Amma idan jinkirin biya ya zama hanyar ɓoye rauni, ƙarshensa muni ne. Kamfanin gine-gine na Carillion a Birtaniya ya riƙa sa ƙananan 'yan kwangila suna jira har kwana 120 kafin a biya su. Da ya rushe a watan Janairu na 2018, fam miliyan 29 kawai aka samu a asusunsa alhali basukan da ke kansa sun kusa fam biliyan 7, kuma dubban ƙananan kamfanoni suka yi asarar haƙƙinsu. Duk kwanan da babba ya ƙara wa kansa, daga jarin ƙarami ya ciro shi.

Sana'o'i sun bambanta ƙwarai a tsawon zagayensu. Mai gidan burodi yana juya kuɗinsa cikin kwana biyu ko uku, shi kuwa mai sayen hatsi da kaka a kasuwar Dawanau ta Kano ya ajiye zuwa damina, kuɗinsa na iya yin wata shida ko fiye a ɗaure. Idan rancen banki ya ci, a lokacin da Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari a ƙarshen 2024 kuma bankunan kasuwanci suke ɗora nasu a kai, to sai farashi ya tashi da kusan kashi 15 kafin ya mayar da kuɗin ruwa kaɗai, ban da hayar sito da maganin ƙwari da ramar buhu.

Ƙa'idar da ake koyarwa game da samo kuɗin ita ce a daidaita wa'adin bashi da wa'adin abin da aka saya da shi. Rancen wata uku na sayen haja ne da za ta fita cikin wata uku. Wanda ya ɗauke shi ya sayi fili ko ya ɗora bene ya mayar da kuɗi mai tafiya ya zama zaunanne, kuma ranar biya fili ba ya sayuwa cikin mako guda sai da faɗuwa. Ga masu gudun riba ta haram, bankunan da ba sa hulɗa da kuɗin ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, suna amfani da murabaha, inda banki zai sayi kayan da kansa ya sayar wa ɗan kasuwa da ƙarin da aka yi yarjejeniya a kai, a biya daga baya. Akwai kuma cinikin salam da fiƙihu ya sani tun da daɗewa, inda ake biyan manomi kuɗi yanzu a kan amfanin gona mai sanannen awo da siffa da za a kawo a wani sanannen lokaci.

Lissafin zakkar kasuwanci yana da kusanci da wannan batu. A mazhabar Malikiyya, ɗan kasuwar da ke saye da sayarwa kullum, wanda malamai ke kira mudir, yana ƙiyasta hajarsa idan shekara ta zagayo, ya haɗa da tsabar kuɗinsa da basukan ciniki da yake da tsammanin za a biya shi, ya fitar da kashi 2.5 cikin ɗari idan nisabi ya cika, ba tare da ya sa shago ko sikeli ko motar aiki a ciki ba. Inda suka rabu da akanta shi ne wajen yi wa haja kuɗi. Ƙa'idar akanta ta duniya ta ce a rubuta haja a kan kuɗin da aka saye ta ko abin da za a samu idan an sayar, duk wanda ya fi ƙanƙanta, shi kuwa mai fitar da zakka farashin kasuwa na ranar yake bi. A shekarar da kaya suka yi tsada sosai, sito ɗaya zai ba da adadi biyu masu tazara, na littafin akanta a ƙasa, na zakka a sama.