Tambayar "awa nawa ka yi aiki" ba ta masu haraji ba ce

Magana na yawo a bakin gulbi, daga Wamakko har Goronyo, wai duk mai kwale-kwalen da ya faɗa wa ma'aikatan gwamnati yawan awannin da yake aiki a mako ya miƙa kansa ga masu haraji. Wasu har cewa suke da wannan lissafi za a yanka wa kowane jirgi kuɗin wata. Doka ba ta ce haka ba.

Masu wannan tambaya ma'aikatan Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ne, wato NBS, masu lissafin masu aiki da marasa aiki a ƙasa, kuma ba jirage suke bi ba. Gidaje ake zaɓa, a tambayi duk wanda ya kai shekara 15, mai fito ne ko masunci ko tela. Dokar Ƙididdiga ta 2007 ce ta ba su hurumi, ita ce kuma ta ɗaure musu hannu: amsar da ka bayar sirri ce, ba a fitar da ita da sunanka, sai dai a zuba ta cikin jimillar lissafi. Ma'aikacin da ya kwarmata ta ya yi laifin da ke jawo tara ko ɗauri. Kai ma ba ka tsira ba, domin ƙin amsawa ko shirga ƙarya da gangan laifi ne. To ka ga mai ba ka shawarar ka ɓoye, shi ne ke tura ka inda kake gudu.

Inda ya kamata a yi gardama ba nan ba ne, a kan ƙa'idar awa ɗaya ne. A 2023 hukumar ta sauya ma'auninta ta koma kan na Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya: duk wanda ya yi aikin neman kuɗi ko riba na awa ɗaya a kwana bakwai da suka wuce, mai aiki ne. A da, wanda bai kai awa 20 ba marar aiki ake ƙirga shi. Daga kashi 33.3 cikin ɗari na marasa aiki a ƙarshen 2020, sai ga kashi 4.1 a farkon 2023. Ba ayyuka aka yi ruwansu ba, mudu aka canza.

Ɗauki mai kwale-kwale da rani, ruwa ya ja baya har mutane na tsallaka gulbi da ƙafa, wando a naɗe. Ran kasuwa ya yi fito na awa biyu, sauran kwana shida yana zaune a inuwa yana toshe ɓarakar jirgi. Ko wanda sai da Sallah yake ganin ciniki, in samari sun fito shan iska suna biya a zagaya da su. A takarda, muddin makon ya faɗo daidai, dukkansu suna da aiki. Ni dai wannan bai kwanta mini ba, ko da kuwa haka ake yi a sauran ƙasashe.

Amma a yi wa hukumar adalci, akwai shafi na biyu da ba a cika karantawa a rediyo ba. Wanda ya yi ƙasa da awa 40 a mako, kuma yana son ƙari, ana sa shi cikin waɗanda aiki bai ishe su ba. Wannan shafi da awanni ake cika shi. Su ne ke nuna halin kasuwa tun kafin kowa ya bar sana'a: da man fetur ya tashi bayan cire tallafi a 2023, mai inji ba jirginsa ya fara sayarwa ba, sawu ya rage, yana jiran jirgi ya cika kafin ya tayar. Hanyar kasuwa in ta rufe saboda 'yan bindiga, a awannin ma matsalar take fara bayyana. Mai fito da ya ce "alhamdu lillahi, kullum muna kan ruwa" don kunya ko tsoro, ya share wahalarsa daga lissafi da hannunsa.

In sun zo, nemi katin shaidarsu, ka tambayi mai unguwa ko sarkin ruwa ko an san da zuwansu. Ba a biyan ko sisi a wannan aiki, wanda ya nemi kuɗi ba nasu ba ne.