Robar Anti a Wasan Ƙwallon Tebur

Anti, ko antisifin, nau'in roba ce da ake liƙawa a jikin raket ɗin ƙwallon tebur, wadda aka ƙera don kada juyin ƙwallo ya yi tasiri a kanta. A ido ba ta da bambanci da robar da yawancin 'yan wasa ke amfani da ita: fuskarta shafaffiya ce, ƙurajenta, wato ƙananan tsinin roba, suna kallon ciki, ƙarƙashinta kuma akwai soso. Bambancin yana wajen kamu. Robar gama-gari tana cafke ƙwallo ta murɗa ta, ita kuwa anti sulɓi gare ta, ƙwallo na taɓa ta sai ta zame. Galibi gefe ɗaya ake sa ta, yawanci gefen bayan hannu, a bar roba mai kamu a ɗaya gefen domin kai hari.

Asali

Ana danganta ƙirƙirar wannan roba ga Toni Hold, ɗan wasan ƙasar Ostiriya, a shekarun 1960, lokacin da bugun da ke ɗora wa ƙwallo juyin gaba mai ƙarfi, wato ta riƙa mirginawa zuwa inda take tafiya, ya fara addabar masu salon tsaro. Kamfanin Joola ya sayar da ita da sunansa, Toni Hold Anti Topspin. Tashenta ya kai ƙololuwa a farkon shekarun 1980, kuma dalilin bai tsaya ga robar kanta ba. A lokacin doka ba ta hana fuskokin raket biyu su zama launi ɗaya ba. Ɗan wasa sai ya sa anti a gefe ɗaya, roba mai kamu a ɗayan, yana jujjuya raket a hannunsa ana tsakiyar wasa, abokin karawa bai san da wace fuska aka bugo masa ba. Da wannan salo John Hilton na Ingila ya ci gasar Turai ta 1980 a birnin Bern, alhali ba a sa shi cikin waɗanda ake tsammani ba. Cai Zhenhua na ƙasar Sin, shi ma da wannan salo, ya kai wasan ƙarshe na gasar duniya a 1981 da 1983, duk biyun Guo Yuehua ya doke shi. A Amurka ma Dan Seemiller da Eric Boggan sun yi wasa da anti.

Hukumar ƙwallon tebur ta duniya, ITTF, ta toshe wannan ƙofa. A 1983 ta wajabta launi daban ga kowace fuska, daga 1986 zuwa 2021 kuma aka tsaida ja da baƙi. Ɓoyo ya ƙare, anti ta ja baya ƙwarai a manyan gasanni. Abin da ya farfaɗo da ita wata dokar ce ta daban: a 2008 aka haramta robobi masu dogayen ƙuraje waɗanda ba su da kamu, sai masu ƙera su, musamman a Jamus, suka mayar da wannan sulɓi kan shafaffiyar fuska.

Yadda take aiki

Idan ƙwallo ta zo da juyin gaba ta faɗa kan roba mai kamu, robar tana tsayar da juyin, ƙwallon kuma ta yi tsalle sama, shi ya sa sai an kifa raket. A kan anti mai sulɓi sosai ƙwallon tana komawa inda ta fito, amma tana ci gaba da juyawa yadda take tun farko. Da yake alkiblar tafiyarta ta sauya, juyin gaban da mutum ya aiko sai ya dawo masa a matsayin juyin baya. Idan juyin baya ya aiko, na gaba zai karɓa. Robar ba ta ƙirƙiri komai ba, kayan mutum ta mayar masa. Wanda ya murɗo ƙwallo da dukkan ƙarfinsa shi zai fi shan wuya, domin bugunsa na biyu sau da yawa cikin raga yake ƙarewa.

Rukuni biyu

Duk wani kwatanci tsakanin robobin anti yana komawa ga tambaya ɗaya: robar kashe juyi take yi, ko mayar da shi? Wannan ne ya raba su gida biyu, kuma wanda ya sayi ta wani gidan yana neman aikin ɗayan ya yi asarar kuɗinsa.

Rukunin farko shi ne na dauri. A ciki akwai Butterfly Super Anti, Yasaka Anti Power, Nittaku Best Anti, Juic Neo Anti, Tibhar Ellen, da ita Toni Hold ɗin. Fuskarsu tana da ɗan kamu kaɗan, tana kuma lanƙwasuwa kamar kowace roba. Wannan ɗan kamun yana cinye mafi yawan juyin da ya zo, sai ƙwallo ta koma kusan a mace, ba gaba ba baya. Amfaninsu yana wajen iko da ƙwallo. Karɓar sabis yana sauƙi, ana iya yin sara, wato bugun tsaro da ake sauko da raket daga sama zuwa ƙasa, daga nesa da tebur, ana iya turawa, har ma a ɗan kai hari da bugu miƙaƙƙe. A cikin gidan ma akwai bambanci. Super Anti da Toni Hold suna daga cikin masu sanyin gudu, sun dace da mai sara da mai tarewa. Anti Power ta fi su saurin sakin ƙwallo, don haka masu son bugu da anti suka fi karkata gare ta. Rauninsu duka ɗaya ne: ƙwallon da suke mayarwa ba ta da dafi sosai, ƙwararren abokin karawa yana gane ta cikin 'yan maki kaɗan ya fara zabga mata.

Rukuni na biyu shi ne na masu tsananin sulɓi, waɗanda suka yaɗu bayan 2008. Kamfanin Dr. Neubauer yana da jerinsu, irin su Gorilla, Grizzly da ABS, haka ma kamfanin Der Materialspezialist. Fuskarsu tauri gare ta, taɓinta ya fi kama da leda mai kauri fiye da roba, sosonsu kuma an yi shi ne don ya shanye ƙarfin ƙwallo. Su ne ke mayar da juyi da gaske. Sai dai suna da sharaɗi: a tsaya kusa da tebur, a tari ƙwallo da zarar ta tashi, hannu a sake, kusurwar raket daidai. Kuskure kaɗan a kusurwa, ƙwallo ta faɗa raga ko ta yi sama ta zama ganima. Sara daga nesa ba aikinsu ba ne. Harin da ake iya kaiwa da su shi ne turi mai ƙarfi a kan ƙwallon da ta zo da juyin baya, tunda za ta koma da juyin gaba ta sauka kan tebur da kanta. Luka Mladenovic na Lukzambag da Sabine Winter ta Jamus suna cikin waɗanda suka nuna a shekarun nan cewa ana iya fafatawa da manya da anti a bayan hannu, muddin gaban hannun yana da ƙarfin gama maki.

Soso da katako

A nan sabon shiga yakan ruɗe. A robar gama-gari, ƙarin kaurin soso ƙarin gudu ne. A anti mai soson shanyewa abin a juye yake: soso mai kauri ya fi rage gudu, ya fi ajiye ƙwallo gajere kusa da raga, siriri kuwa yana barin katakon raket ya yi magana, ƙwallo ta fita da sauri. Doka ta iyakance kaurin roba da soso da gam gaba ɗaya ga kimanin milimita 4. Katako mai tauri wanda ba ya lanƙwasa yana taƙaita zaman ƙwallo a kan raket, abin da ke ƙara mayar da juyi, mai taushi kuma ya fi dacewa da rukunin dauri da salon sara. Saboda haka roba ɗaya kan bambanta ƙwarai a kan katakai biyu, kuma lambobin gudu da iko da kamfanoni ke bugawa a jikin kwali ba ma'auni ɗaya suke bi ba, ba a kwatanta na wannan kamfani da na wancan.

Masu sulɓin suna da wuyar sha'ani wajen kulawa. Idan fuskar ta karye ko ta yi layi ba ta komawa, shi ya sa da yawa ake liƙa su da takardar gam maimakon gam na ruwa, kuma cire su daga katako a mayar kan wani yakan lalata su. Na daurin kuwa sukan daɗe, tunda ba su da wani kamu mai yawa da zai gushe.

Yadda ake karawa da ita

Maganin anti sananne ne: a hana ta abin da take ci. Doguwar ƙwallo marar juyi, wadda aka aika can ƙarshen tebur gefen da take, ba ta ba mai anti abin mayarwa, shi kuma ba ya iya murɗa ƙwallo da robar da kansa. Sauya ƙwallon wasa daga milimita 38 zuwa 40 a shekarar 2000, da komawa ƙwallon filastik daga 2014, sun rage yawan juyi a wasan baki ɗaya, wanda hakan ya rage wa anti wani ɓangare na dafinta. A gasar da ke bin dokokin ITTF, sai robar da ke cikin jerin waɗanda hukumar ta amince da su ake yarda a yi wasa da ita, kuma haramun ne a shafa mata wani abu ko a sarrafa fuskarta don ƙara sulɓi.