Fushin Amurkawa kan sukar ƙasashen waje

Fushin Amurkawa kan sukar ƙasashen waje wani ɓacin rai ne da ya daɗe yana tasowa a cikin siyasar Amurka da jaridunta da hirar talakawanta, duk lokacin da wasu ƙasashe suka soki abin da Amurka ke yi a duniya. Kukan da ke ƙarƙashinsa kusan ɗaya ne tun daga 1945 zuwa yau. Masu yin sa suna cewa ƙasarsu ta zubar da jinin 'ya'yanta ta kashe dukiyarta domin wasu, amma sakayyar da take samu ita ce zagi da ƙona tuta. In ta shiga rikici a kira ta 'yar sandan duniya mai katsalandan, in ta kame hannu a ce ta zuba ido ana kashe mutane. A Hausance, butulci suke zargin duniya da shi. Masu sukar kuma suna ganin gori ake yi musu.

Asali

Abin ya girmi ƙarfin Amurka. Takardar ayyana 'yancin kai ta 1776 da kanta ta ce mutunta ra'ayin sauran 'yan Adam ne ya sa aka bayyana dalilan rabuwa da Ingila, wato tun daga farko ƙasar ta damu da yadda ake kallonta. Alexis de Tocqueville, Bafaranshen da ya zagaya Amurka a 1831 da 1832, ya lura cewa baƙo yana iya yabon ƙasar iya son ransa, amma da zarar ya nemi ya kushe ko da abu ɗaya sai ya ga fuska ta canja. Da Charles Dickens ya ziyarce su a 1842 ya koma gida ya soki bauta da halin jaridunsu, jaridun suka yi masa ca. Fushin wancan zamani na ƙaramar ƙasa ne da Turawa suka raina.

Kukan butulci

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya canja masa kama. Amurkawa fiye da 400,000 suka mutu a yaƙin. A maƙabartar Colleville kawai, a gaɓar Normandy ta Faransa inda sojojin ƙawance suka sauka ranar 6 ga Yuni 1944, akwai kaburburan Amurkawa sama da 9,300. Bayan yaƙi kuma shirin Marshall ya zuba kimanin dala biliyan 13 a ƙasashe 16 na Yammacin Turai daga 1948. Waɗannan abubuwa sun faru da gaske, kuma wanda ya binne ɗansa a ƙasar wani yana da hakkin ya ji zafi idan mutanen ƙasar suka juya masa baya.

Shi ya sa abin da Shugaba Charles de Gaulle ya yi a Maris 1966 ya tsaya wa Amurkawa a rai. Ya janye Faransa daga rundunar haɗin gwiwa ta NATO, ya kuma ba sojojin Amurka wa'adi su tattara su bar ƙasarsa kafin Afrilun 1967. Ana ba da labarin cewa sakataren harkokin wajen Amurka Dean Rusk ya tambaye shi ko umarnin ya haɗa da sojojin da ke kwance a maƙabartu. Har yau ana maimaita wannan tambaya a Amurka duk lokacin da aka sami saɓani da Faransa.

Wanda ya fi kowa iya furta wannan kuka ba ma Ba'amurke ba ne. Ranar 5 ga Yuni 1973 wani tsohon ɗan jarida na Kanada, Gordon Sinclair, ya karanta ɗan gajeren sharhi a gidan rediyon CFRB na Toronto. A lokacin Amurka na janye jiki daga Vietnam da kunya, badaƙalar Watergate ta dabaibaye fadar shugaban ƙasa, darajar dala na faɗuwa, ƙungiyar agaji ta Red Cross ta ƙasar kuma ta ce asusunta ya kusa ƙarewa. Sinclair ya ce bai san mutanen da suka kai Amurkawa kyauta kuma aka fi ƙin gode musu ba. Ya tuna yadda suka tayar da Jamus da Japan daga toka, da yadda suke rugawa duk inda girgizar ƙasa ta afku, sannan ya tambaya wa ya zo musu da kogin Mississippi ya yi ambaliya. Gidajen rediyon Amurka suka riƙa maimaita sharhin, aka buga shi a faifai, wanda Byron MacGregor ya karanta ya kai matsayi na 4 a jerin faya-fayan da aka fi saye a farkon 1974. Bayan harin 11 ga Satumba 2001 sharhin ya sake yawo ta imel, mutane da yawa suna zaton sabon rubutu ne.

A Majalisar Ɗinkin Duniya

Da ƙasashen Afirka da Asiya suka sami 'yanci suka cika Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya, Amurka ta wayi gari ana kayar da ita a ƙuri'a cikin ginin da ke birninta na New York, wanda kuma ita ce ta fi kowa biyan kuɗin tafiyar da shi. A Maris 1975 Daniel Patrick Moynihan ya rubuta a mujallar Commentary cewa lokaci ya yi da Amurka za ta daina sunkuyar da kai, ta ɗauki kanta a matsayin 'yar adawa, ta riƙa mayar da martani. Shugaba Ford ya naɗa shi jakada a Majalisar a shekarar. Ya kira Idi Amin, wanda ke shugabantar Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a lokacin, mai kisa kuma mai wariyar launin fata. Ya yi tir da ƙuduri mai lamba 3379 na 10 ga Nuwamba 1975 da ya daidaita aƙidar Sahyoniya da wariya, wanda ya wuce da ƙuri'a 72 kan 35. Watanninsa a kujerar ba su kai shekara ba, amma farin jinin da ya samu ya kai shi majalisar dattawa.

Zamanin Reagan abin ya koma aiki. A ƙarshen 1984 Amurka ta fice daga hukumar UNESCO, wadda ɗan Senegal Amadou-Mahtar M'Bow ke jagoranta, tana zarginta da almubazzaranci da ƙin jinin ƙasashen Yamma. A shekarar ce kuma jakadiya Jeane Kirkpatrick ta juya zargin zuwa cikin gida, ta ce a taron jam'iyyar Republican a Dallas akwai Amurkawan da komai ya faru a duniya ƙasarsu suke fara ɗora wa laifi. Daga nan fushin ya zama makamin siyasar cikin gida, ana jifan abokin hamayya da shi.

Rikicin 2003

Babu lokacin da abin ya fito fili kamar gabanin yaƙin Iraƙi. Bayan harin 11 ga Satumba, wanda ya kashe kusan mutum 3,000, duniya ta yi wa Amurka ta'aziyya ta gaskiya. Jaridar Le Monde ta Faransa ta buga a shafinta na farko cewa yau kowa Ba'amurke ne, NATO kuma ta yi amfani da sashe na 5 na yarjejeniyarta, mai cewa an taɓa ɗaya an taɓa duka, karo na farko a tarihinta. Cikin wata goma sha takwas wannan zumunci ya watse.

Gwamnatin George W. Bush ta dage cewa Saddam Hussein yana ɓoye makaman ƙare dangi. Faransa da Jamus da Rasha suka ce a bar masu bincike su ƙarasa aikinsu. A Janairun 2003 sakataren tsaro Donald Rumsfeld ya kira Faransa da Jamus tsohuwar Turai. Ranar 5 ga Fabrairu sakataren harkokin wajen Amurka Colin Powell ya gabatar da hujjojinsa a Kwamitin Sulhu, ranar 14 ga wata kuma ministan wajen Faransa Dominique de Villepin ya amsa masa, har aka tafa masa a zauren da ba a saba tafi ba. Washegari miliyoyin mutane suka fito zanga-zanga a London da Rome da Madrid da sauran birane. Ƙasashen Afirka uku da ke cikin kwamitin a lokacin, Angola da Kamaru da Gini, sun sha zawarci da matsin lamba daga ɓangarorin biyu. Ranar 10 ga Maris Shugaba Jacques Chirac ya ce Faransa za ta hau kujerar na-ƙi.

Kashegari wasu 'yan majalisar wakilai biyu, Bob Ney na Ohio da Walter Jones na North Carolina, suka sa aka goge sunan Faransa daga jerin abincin ɗakunan cin abinci na majalisar. Soyayyen dankalin da Amurkawa ke kira da sunan Faransa ya koma dankalin 'yanci. Wasu masu shaguna suka zubar da giyar Faransa a titi, jaridu suka buga hotunan kaburburan Normandy suna tambayar ko Faransawa sun manta. Abin yana iya zama kamar ƙarami, amma ya nuna yadda talakan Amurka ya karɓi maganar: a wurinsa wanda aka ceta daga Hitler ne ya ƙi tsayawa da shi ranar da yake cikin makoki.

An shiga yaƙin ranar 20 ga Maris. Ba a sami makaman ba, kamar yadda rahoton masu binciken Amurka kansu ya tabbatar a 2004, shekarar da hotunan azabtarwa na kurkukun Abu Ghraib suka fito. Amurkawa kusan 4,500 suka mutu a Iraƙi, 'yan Iraƙi kuma dubban ɗaruruwa. A 2006 aka mayar da tsohon sunan dankalin ba tare da wata sanarwa ba. Walter Jones ya cancanci a ambace shi da girmamawa a nan. Ya fito ya ce ya yi kuskure, ya zama ɗaya daga cikin masu adawa da yaƙin a jam'iyyarsa, kuma ya riƙa rubuta wa iyalan sojojin da suka mutu wasiƙun ta'aziyya, dubbai, kusan har zuwa rasuwarsa a 2019.

Abin da masu sukar ke riƙe da shi

Raunin kukan butulci shi ne yana ƙirga alheri ya tsallake sauran. Ba'iraniye yana tuna 1953, lokacin da CIA, hukumar leƙen asirin Amurka, da leƙen asirin Ingila suka kifar da Firayim Minista Mossadegh, abin da hukumar ta amsa da kanta a 2013. Mutumin Guatemala yana tuna juyin mulkin 1954, na Chile yana tuna na 1973. Binciken majalisar dattawan Amurka na 1975 ya gano cewa CIA ta shirya sa wa firayim ministan Kongo Patrice Lumumba guba, ko da yake wasu hannaye ne suka kashe shi a Janairun 1961. Waɗannan mutane shirin Marshall bai kai gare su ba, don haka gorinsa bai hau kansu ba. Alherin ma ba daga gefe ɗaya yake ba. Sojojin Faransa da jiragen ruwanta ne suka taimaka aka ci Ingila a Yorktown a 1781, a yaƙin neman 'yancin Amurka. Tarayyar Sobiyet ta rasa mutum wajen miliyan 27 a yaƙin da Hitler. A Afghanistan kuma sojojin ƙawayen Amurka fiye da 1,000 suka mutu, sama da 450 daga cikinsu 'yan Birtaniya.

Akwai kuma kuskuren lissafi da ke hura wutar. Binciken jin ra'ayi ya sha nuna cewa Amurkawa da yawa suna zaton kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kasafin ƙasarsu yana tafiya ne a agajin ƙasashen waje, alhali bai wuce kusan kashi 1 cikin 100 ba. Duk da haka masu sukar ma suna da nasu makanta. Shirin PEPFAR da Bush ya kafa a 2003, shekarar yaƙin Iraƙi, ya kashe sama da dala biliyan 100 wajen yaƙar cutar ƙanjamau, ana kuma ƙiyasta ya ceci rayuka kusan miliyan 25, akasari a Afirka, Najeriya na cikin manyan waɗanda suka amfana. Ba kasafai mai ƙona tuta ke ambaton wannan ba.

Wani lokaci kuma sukar waje ta yi wa Amurka amfani kai tsaye. A Oktoban 1957 wani gidan abinci a jihar Delaware ya ƙi barin ministan kuɗin Ghana, Komla Gbedemah, ya zauna ya sha lemo saboda baƙar fata ne, sai da Shugaba Eisenhower ya gayyace shi karin kumallo don a wanke kunyar. A 1961 aka yi wa jakadan Cadi, Adam Malick Sow, irin haka a Maryland a kan hanyarsa ta zuwa Washington. Tun a 1952 ma'aikatar shari'a ta gaya wa Kotun Ƙoli, a shari'ar raba makarantun farare da na baƙar fata, cewa wariya na ba abokan gaban Amurka abin magana. Idon duniya na cikin abubuwan da suka tura gwamnati ga dokar 'yancin jama'a ta 1964.

Shekarun baya-bayan nan

Donald Trump ya fara wannan kuka tun a Satumban 1987, lokacin da ya sayi shafuka a manyan jaridu yana cewa Japan da Saudiyya da wasu ƙawaye sun mayar da Amurka saniyar tatsa. Da ya hau mulki ya matsa wa ƙasashen NATO su cika alkawarin 2014 na kashe kashi 2 cikin 100 na arzikinsu a kan tsaro. A Disamban 2017, gabanin ƙuri'ar Babban Zaure kan matsayin Ƙudus, jakadiya Nikki Haley ta ce za ta rubuta sunan duk wanda ya saɓa wa Amurka. Ƙasashe 128 suka saɓa mata, 8 suka bi ta. A zangonsa na biyu, ranar 28 ga Fabrairu 2025, mataimakinsa JD Vance ya tambayi Shugaba Zelensky na Ukraine a gaban 'yan jarida ko ya taɓa cewa na gode. A Yulin shekarar aka rufe hukumar agaji ta USAID, aka kuma sanar da cewa Amurka za ta sake ficewa daga UNESCO, karo na uku ke nan.