Ɗaukewar sauti a sifikar laftof

Ɗaukewar sauti a sifikar laftof matsala ce da kwamfuta ke kunnuwa lafiya lau, hoto na motsi, komai na aiki, amma ko ƙis ba ka ji. Abin da masu gyara suka sani kuma sauran mutane ba su cika sani ba shi ne, sifikar kanta ita ce ta ƙarshe a jerin waɗanda ake zargi. Yawanci sautin yana nan, hanya ya ɓace.

Kafin sauti ya iso kunne sai ya bi hannuwa da yawa. Manhajar da ke kunna bidiyon ce ke miƙa shi ga Windows ko macOS ko Linux, daga nan direba ya karɓa, wato ƙaramar manhajar da ke tafinta tsakanin tsarin kwamfutar da kayan cikinta, direban ya kai shi ga wani ɗan guntun aisi (IC), wato ƙaramar na'urar lantarki da ke kan madabod, babban allon da ke haɗa kayan cikin kwamfuta, wanda ke juya lambobi su koma lantarki, amfilifaya ta ƙara masa ƙarfi, sannan ya faɗa sifika, inda zaren waya da maganaɗisu ke girgiza wata 'yar siririyar fata. Aisin nan a laftof da yawa na kamfanin Realtek ne na ƙasar Taiwan, wasu tsofaffi kuma na Conexant ko IDT, kuma mafi yawansu suna bin tsarin High Definition Audio da Intel ya fito da shi a 2004 don maye gurbin tsohon tsarin AC'97. Duk inda aka samu tangarɗa a wannan layin, sakamakon ɗaya ne, shiru.

Gwajin da ya fi kowanne amfani kyauta ne, a soka iyafis. In aka ji sauti a iyafis to galibi direba lafiyarsa ƙalau, aisin ma yana aiki, matsalar ta koma tsakanin ramin iyafis ɗin da amfilifaya da sifika. In kuwa can ma shiru ne, a bar sukudireba a ajiye tukuna, a koma kan saiti.

A saitin, abu na farko shi ne mutum ya kashe sautin da kansa bai sani ba, hannu ya taɓa madannin Fn da ɗaya daga cikin maɓallan F na sama. Kuma tun daga Windows Vista kowace manhaja tana da nata ma'aunin ƙara a cikin Volume Mixer, don haka za ka ga ƙarar kwamfuta tana 100 amma ta Chrome an mayar da ita sifili. Na biyu, wanda ya fi rikita mutane, shi ne kwamfuta ta tura sautin wani wuri daban. Wayar HDMI hoto da sauti take ɗauka tare, wanda ya haɗa laftof da talabijin ko majigi sai Windows ta maida sautin can, wani lokaci ko an zare wayar ba ta dawo da shi. Haka Bluetooth, iyafis yana cikin jaka a kunne laftof ta kama shi tana ta zuba masa karatu kai kana nan kana cewa sifika ta mutu. Maganinsa a danna alamar sifika kusa da agogo a zaɓi sifikar laftof ɗin a matsayin mafitar sauti.

Sai maganar direba. A nan ne ake ganin jan alama a kan hoton sifikar da ke kusa da agogo da saƙon da ke cewa babu na'urar sauti. Ya fi faruwa bayan an yi wa kwamfuta fomatin, musamman laftof ɗin gwanjo da aka ɗora wa sabon Windows cikin gaggawa ba a sa mata direbobinta ba, ko kuma bayan ofdet. A watan Oktoban 2018 an yi irin wannan a fili, lokacin da wani direban sauti na Intel ya bi ta Windows Update ya shiga kwamfutocin da bai dace da su ba sauti ya ɗauke wa mutane da yawa, sai da Microsoft ya fitar da gyara. Yadda ake yi shi ne a buɗe Device Manager, wato wurin da Windows ke jera kayan kwamfuta da direbobinsu, a nemo na'urar sautin, in bayan ofdet abin ya faru a danna Roll Back Driver don dawo da tsohon direban, in ba haka ba a cire direban a sake kunna kwamfutar ta ɗora shi da kanta. In bai yi ba a je shafin kamfanin da ya ƙera laftof ɗin, HP ne ko Dell ko Lenovo, a sauke direban da lambar samfurinta. Manhajojin nan na kyauta masu alkawarin gyara duk direbobi da dannawa ɗaya, gaskiya a guje su, ɓarnarsu ta fi gyaransu. Akwai kuma wani aiki da ke gudana a ɓoye mai suna Windows Audio, ana samunsa ta services.msc, wato jerin irin waɗannan ayyuka na Windows, in ya tsaya sai a tashe shi.

Masu Linux su buɗe alsamixer, manhajar saita ƙarar sauti, duk layin da aka ga MM a ƙasansa a kashe yake, harafin M ke buɗe shi. A Mac mai injin Intel ana riƙe Option da Command da P da R lokacin kunnawa don goge saitin da ya maƙale.

Ramin iyafis, mai faɗin milimita 3.5, yana da wani ɗan ƙarfe a ciki da ke sanar da kwamfuta an soka abu, ita kuma sai ta kashe sifika. In ƙarfen ya maƙale ko datti ya cika ramin, kuma duk wanda ya yi hunturu a Kano ko Damagaram ya san yadda ƙura ke shiga ko'ina, laftof za ta ci gaba da ɗauka iyafis na ciki. A soka a zare sau da yawa a hankali, ko a hura iska. Kada a tura allura ko tsinken ƙarfe.

Kafin a yanke hukunci cewa sifika ta lalace, laftof da yawa suna da gwajin kansu wanda ba ruwansa da Windows, a Dell ana shigarsa ta F12 lokacin kunnawa, a HP kuma Esc sannan F2. Ko a tashi kwamfutar da Ubuntu, wani nau'in Linux, daga filash, in ta yi magana a can to kayan ciki lafiya suke.

Sifikar da ta lalace da gaske takan yi gargaɗi kafin ta mutu, ta fara karkarwa ko kukan gwangwani in an ƙure ƙara, ko ɓangare ɗaya ya ɗauke ya bar ɗaya. Ruwa ko shayi da ya zube yana kashe ta, haka ma ƙure ƙara kullum fiye da ƙima, tunda VLC ma, manhajar kunna bidiyo, yana bari a wuce 100. Wani lokacin kuma 'yar wayarta ce kawai ba a mayar cikin soket ba bayan an buɗe laftof don canza batir ko fanka. Mai gyara zai auna ta da mita, lafiyayyiya takan nuna kusan om 4 ko 8 (om shi ne ma'aunin turjiyar lantarki), wadda zarenta ya tsinke ba za ta nuna komai ba. Canza ta ba shi da wuya, sai dai a cire caja da batir kafin a taɓa ciki, kuma laftof mai garanti a bar wa kamfani. In amfilifaya ko aisin ne ya ƙone, aikin madabod ne mai tsada, shi ya sa da yawa ke haƙura su sayi ɗan katin sauti na USB ko sifikar Bluetooth su ci gaba da aikinsu.