Radiyeshin ba sai daga eriyar waya ba, ƙasan ɗakinka ma akwai

Jama'a, nan Gusau da an ce radiyeshin, wato hasken da ido ba ya gani mai iya cutar da jiki, sai kowa ya nuna eriyar kamfanin waya, alhali kaso mafi yawa na wanda muke ɗauka daga halitta cikin ƙasa yake fitowa. Wata iska ce ana ce mata radon, sinadarin yuraniyom na cikin duwatsu ke haifar da ita, musamman dutsen giranit, ba wari ba launi, ta tsagar daɓe take shigowa ta taru a ɗakin da ke rufe, ga mu da toshe taga da tsumma lokacin hunturu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bayan taba sigari tana cikin manyan masu jawo kansar huhu, in ka haɗa da shan taba kuwa abin ya fi muni.

Masu bincike bututu suke kafawa kamar mita ɗaya cikin ƙasa su zuƙo iskar su auna, su zana taswirar inda haɗarin ya fi. Amma ita taswirar, unguwa take nunawa, gidanka da na maƙwabcinka ma sai su bambanta, sai an ajiye na'urar auna radon a ɗaki wata 3. Don Allah a riƙa buɗe taga, a liƙe tsagar siminti.