Don Allah a daina shafa wa kowane ƙurji man kemis

A ɗakin duba marasa lafiya na asibitin gwamnatin da nake aiki, da wuya rana ta fito ta faɗi ban ga mai ciwon fata ba. Ƙazuwa ce, makero ne, kora ce a kan yara, ga ƙyasbi, ga ƙurajen zafi idan bazara ta kama. Wasu ma ba don fatar suka zo ba. Zazzaɓi ya kawo su, sai na ɗaga rigar yaro zan sa ma'aunin zafi in tarar da jiki duk tabon susa. Ƙazuwa kaɗai, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a kowane lokaci sama da mutum miliyan 200 na fama da ita, kuma tun 2017 ta sa ta cikin cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi. Yawancin waɗannan cututtuka suna da magani, kuma ba mai tsada ba.

Abin da ke ƙona min rai daban ne. Kusan duk wanda ya zauna gabana, idan na ce, "Me aka shafa?" sai a buɗe jaka a ciro ɗan kwalin mai da aka matse shi har ya lanƙwashe. Na kemis ne, irin mai haɗi ukun nan da ake cewa yana maganin komai. Maƙwabciya ce ta ce yana da kyau. Ko kuma ragowar na uwargida ne da take shafawa a fuska don ta yi haske.

Iyayena mata, ku juya kwalin ku duba. Idan kun ga an rubuta betamethasone ko clobetasol, to akwai sitiroyid mai ƙarfi a ciki. Shi aikinsa kwantar da ƙaiƙayi da kumburi, ba ya kashe ƙwayar ƙazuwa ko kaɗan. Kwana biyu yaro ya yi barci, kowa ya ce Alhamdulillahi an dace, alhali cutar tana ci ta ƙarƙashi. Makeron da ya fara kamar kwabo sai ya baje ya cinye cinya da ɗuwawu, zagayen bakinsa ya ɓace, har mu da muka saba ganinsa sai mun yi da gaske kafin mu gane shi. An daina shafawa ya dawo da ƙarfinsa, sai a koma kemis a sayo wani kwalin. Haka ake tafiya wata da watanni.

Kwanaki wata yarinya mai haihuwar fari ta kawo min jaririnta. Ƙurajen kunzugu ne suka fito masa, aka ce ta shafa man nan safe da yamma, ta kuma rufe da famfas. Da na buɗe, fatar wurin ta yi fari fat, ta yi siriri har ana ganin jijiyoyi, kumatunsa sun cika kamar an hura. Ita murna take yi wai yaro ya yi ƙiba. Na ce, "Ƙanwata, wannan ba ƙiba ba ce, maganin ne ya shiga jininsa." Ta fashe da kuka. Ban ga laifinta ba, don so ne ya sa ta, amma wallahi na ga laifin manyan gidan da suka miƙa mata. Fatar jariri tana tsotse mai fiye da ta babba, balle an rufe ta da leda. A kan wane dalili za a shafa wa ɗan wata uku abin da ko babba ba a ba shi sai da lissafin kwanaki?

Ku kuma masu shafa shi don haske, nankarwar nan mai faɗi da ke fito muku a damtse da cinya ba ta komawa. Fuska ta yi ja, ƙuraje su feso, ƙaramin rauni ya ƙi warkewa. Mai ciwon suga kuwa yana iya ƙara hargitsa mata shi. Na faɗa na sake faɗa: ku daina.

Kora ma haka. Tana cikin saiwar gashi, mai kaɗai ba ya kai mata, sai an haɗa da maganin sha na makonni. Shafa mata man kemis, ko bakin man inji, ko toka, ɓata lokaci ne da ƙona kan yaro. Kuma a riƙa zuwa wa wanzami ko mai aski da rezar yaro ta kansa.

Idan ƙaiƙayin ya fi tsanani da dare, yana tsakanin yatsu da wuyan hannu da kwankwaso, kuma ba mutum ɗaya ke susa a gidan ba, a yi zaton ƙazuwa. Malaman tsangaya da masu kula da makarantun kwana, wannan naku ne musamman. Ga abin yi a gurguje:

- A zo asibiti a duba kafin a shafa komai.
- A yi wa kowa na gidan magani rana ɗaya, har wanda bai fara susa ba.
- Daga wuya har tafin ƙafa ake shafawa, ba kan ƙurajen kaɗai ba, a maimaita yadda aka ce.
- Tufafi da zannuwan gado a wanke da ruwan zafi a shanya a rana. Abin da ba ya wankuwa a ɗaure a leda kwana uku zuwa mako.
- Ƙaiƙayi kan ɗauki mako biyu zuwa huɗu bayan magani. Kada wannan ya mayar da ku kemis.

Wanda ya riga ya daɗe yana shafa man, musamman a fuska ko jikin jariri, kada ya ji kunyar mu. Ya zo da kwalin a hannu, ko da ya ƙare, mu ga sunan da ke jiki mu san yadda za mu janye shi a hankali.